Dokar Iyali a Aljeriya: ƙullin da aka ɗaure tun 1958

Har yau ana ja-in-ja a Aljeriya kan Dokar Iyali ta 1984. An yi mata kwaskwarima a 2005, amma maganar waliyyi da ta saki ba ta mutu ba. Ko a zanga-zangar neman sauyin gwamnati ta 2019, da wasu mata suka ɗago zancen, amsar da suka sha ji ita ce a bari tukuna, akwai abin da ya fi gaggawa. Amsar nan ta girmi yawancin masu faɗinta.

Kowa ya haddace farkon labarin. Yaƙin neman 'yanci daga Faransa ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamba 1954, aka samu 'yanci a Yulin 1962, a tsakani kuma sunayen mata 'yan gwagwarmaya irin su Djamila Bouhired da Zohra Drif da Hassiba Ben Bouali suka zaga duniya. Matan da suka shiga rajistar 'yan gwagwarmaya sun kusa 11,000, akasarinsu kuwa ba su taɓa riƙe bindiga ba. Matan karkara ne da suka ciyar da mayaƙa, suka ɓoye su, suka kai saƙo, suka riƙe gida bayan maza sun hau duwatsu ko an kulle su.

Inda ake saurin tsallakewa shi ne 1958 zuwa 1959. A watan Mayun 1958 Faransawa suka yi ta shirya taruka a Aljiyas, babban birnin ƙasar, mata na yaye haik, farin mayafin nan nasu, a gaban jama'a da kyamarori, wai alamar sun zaɓi Faransa. A Satumba matan Musulmi suka kaɗa ƙuri'a karon farko. A Fabrairun 1959 kuma dokar aure ta fito daga gwamnatin Faransa: ba a aurar da yarinya sai ta cika shekara 15, sai da yardar ango da amarya, saki kuwa sai a gaban alƙali.

In an duba, akwai abin so a ciki. Sai dai ya zo ana tsakiyar zubar da jini, a daidai lokacin da sojojin Faransa suka kwashe mutanen ƙauye wajen miliyan 2 zuwa sansanoni. Ko zuma ce, in a bakin takobi aka miƙo ta, wa zai lasa? Nan take mayafi ya zama tuta, har wasu da suka ajiye shi suka koma yafawa. Gida ya zama ganuwar ƙarshe da ba a yarda baƙo ya taɓa ba. Daga nan duk macen da ta tambayi haƙƙinta a aure, sai ta fara wanke kanta daga zargin bin Turawa, ko da jiya ta fito daga kurkukunsu.

Majalisar farko ta 1962 mata 10 kacal ta samu. Daftarin dokar iyali ya yi ta fitowa yana komawa aljihu, har a 1981 tsofaffin 'yan gwagwarmaya mata suka fito titi suna adawa da shi. Aka janye shi, sannan ya zama doka a Yunin 1984, shekara 22 bayan 'yanci.