Dokar daƙiƙa 8 da dabarar matsi tun daga gindin kwando

A wasan ƙwallon kwando, ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo a rabin filinta ba ta da ikon yin jinkiri yadda ta ga dama. Dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta ba ta daƙiƙa 8 kacal ta tsallake layin tsakiya da ƙwallon, idan kuwa ta kasa, alƙalin wasa zai busa usur ya miƙa ƙwallon ga abokan karawarta. FIBA ta rage wa'adin daga daƙiƙa 10 zuwa 8 a shekarar 2000, gasar NBA ta Amurka ta bi sahu a 2001, amma jami'o'in Amurka har yanzu suna kan daƙiƙa 10. Akwai kuma daƙiƙa 5 da ake bai wa mai jefo ƙwallo daga wajen layi, sannan da zarar an tsallaka, ba a yarda a mayar da ƙwallon baya ba.

A kan waɗannan wa'adodi aka gina dabarar da Amurkawa ke kira "full-court press", wato matsa wa abokin karawa a duk tsawon filin, mita 28 a ma'aunin FIBA. Maimakon masu tsaro su koma su jira a gindin kwandonsu, sai su tare mai ƙwallo tun daga inda aka jefo masa ita, sau da yawa mutum biyu su rutsa shi a kusurwa, sauran kuma su toshe hanyoyin da zai iya miƙa ta. A ganina, agogo ne yake yin rabin aikin, domin ɗan wasan da ya san lokaci na ƙure masa yakan yi jifan gaggawa ya ba da ƙwallon da hannunsa. Da wannan salo kociya John Wooden ya kai jami'ar UCLA ga lashe kofin jami'o'in Amurka a 1964 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba.

Doka ba ta hana matsin ba, taɓa jiki ta hana. Mai tsaro yana da damar tsayawa a gaban mai ƙwallo da ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya ɗaga hannu, amma riƙewa ko turewa ko bugun hannu laifi ne, kuma laifi biyar na fitar da ɗan wasa a dokar FIBA, shida a NBA. Ga kuma haɗarin barin gida babu kowa: jifa ɗaya mai nisa ya isa a ci masu matsin cikin sauƙi.

Daga filin wasa kalmar "full-court press" ta shiga bakin 'yan siyasa da 'yan jaridar Amurka. Idan fadar White House ta tura ministoci da mashawarta su bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, ta waya da ido da ido, kwanaki kaɗan kafin a kaɗa ƙuri'a kan wani ƙudiri, da wannan suna ake kiran yunƙurin.