Ilimin Dacewar Kayan Aiki da Ɗan Adam a Fannin Kiwon Lafiya

Ilimin dacewar kayan aiki da ɗan Adam, wanda Turawa ke kira argonomiks, fanni ne da ke nazarin iyakar abin da idon mutum da kunnensa da hannunsa da ƙwaƙwalwarsa za su iya ɗauka, domin a ƙera na'ura ko manhaja ko tsarin aiki daidai da wannan iyaka. A harkar kiwon lafiya ya shafi duk abin da likita ko ma'aikaciyar jinya ko majinyaci ke taɓawa, tun daga injin ƙarin ruwa da na'urar awon suga har rubutun jikin kwalin magani da manhajar ajiye bayanan marasa lafiya. Ginshiƙinsa shi ne cewa idan ma'aikata masu horo suka yi ta maimaita kuskure iri ɗaya a kan na'ura ɗaya, to ƙirar na'urar ce abin tuhuma na farko, kafin a waiwayi mai riƙe da ita.

Asali

Wani masani ɗan ƙasar Poland, Wojciech Jastrzębowski, shi ya ƙirƙiri kalmar argonomiks a 1857 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar aiki da ƙa'ida, amma fannin bai tsaya da ƙafafunsa ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 sojan saman Amurka sun rasa gane dalilin da ya sa ƙwararrun matuƙa jirgin B-17 ke naɗe tayoyin jirgi suna tsakiyar sauka, jirgin ya ja ciki a ƙasa. Alphonse Chapanis, masanin halayyar ɗan Adam, ya lura cewa makunnin tayoyi da na fiffiken rage gudu suna kusa da juna, kuma kamarsu ɗaya. Sai ya sa aka liƙa wa na tayoyi ƙaramar taya ta roba, aka ba ɗayan siffar fiffike, ta yadda hannun matuƙin da ya gaji zai bambance su ko bai duba ba, kuma irin wannan haɗari ya kau. Bayan yaƙi aka kafa ƙungiyar masana fannin a Birtaniya a 1949, da wata a Amurka a 1957.

Reshen da ya shafi kwamfuta da wayar hannu ya biyo baya. Don Norman, masanin ƙirar kayan aiki wanda ya shiga kamfanin Apple a 1993, ya yaɗa tunanin cewa abin dubawa ya wuce allo da madanni, ya haɗa duk abin da mutum ke gamuwa da shi tun daga buɗe kwali har ranar da na'urar ta lalace.

Shigowarsa asibiti

Masu ba da maganin barci a ɗakin tiyata su ne suka fara karɓar wannan ilimi. A 1978 Jeffrey Cooper da abokan aikinsa a babban asibitin Massachusetts suka wallafa nazarin kurakuran da ke faruwa lokacin sa majinyaci barci, ta hanyar da aka saba binciken haɗarin jirgin sama. A wannan sashe ne ake da misali mafi kyau na ƙirar da ke hana kuskure tun daga tushe: bakin ƙaramar tukunyar oksijin yana da ramuka a wuraren da suka bambanta da na tukunyar wata iskar, don haka ko mutum ya so ɗaura wadda ba ita ba, ba za ta zauna ba.

Darasi mafi ɗaci ya fito daga Therac-25, injin gashin ciwon daji da aka ƙera a Kanada. Tsakanin 1985 da 1987 ya zuba wa majinyata shida haske mai ƙuna fiye da ƙima a Amurka da Kanada, aƙalla uku suka rasu. Ɗaya daga cikin musabbaban shi ne idan ma'aikaciya ta yi kuskuren harafi ta gyara cikin daƙiƙa takwas, manhajar ba ta ɗaukar gyaran yadda ya kamata. Abin da allo ke nunawa a lokacin shi ne "Malfunction 54", saƙon da littafin injin bai fassara shi ba, kuma ma'aikatan sun saba ganin ire-irensa kullum suna danna ci gaba. Abin lura a nan shi ne ƙwarewa da saurin hannu ne suka tono aibin, wanda sabon shiga mai lalube ba zai taɓa faɗawa cikinsa ba.

A 1999 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta karɓi ƙorafi kusan 56,000 a kan injunan ƙarin ruwa daga 2005 zuwa 2009, kuma cikin dalilan har da allo mai ruɗarwa da madannin da ke maimaita lamba, wanda zai iya mai da 10 ta koma 100. Akwai kuma gajiya da ƙararrawa: idan na'urorin ɗaki suna kuka dare da rana, mafi yawa ba bisa dalili ba, kunnen ma'aikaci yakan daina ji, har ya rage sauti ko ya kashe. Hukumar tantance asibitocin Amurka ta lissafa aukuwa 98 masu alaƙa da ƙararrawa daga Janairun 2009 zuwa Yunin 2012, 80 daga ciki sun kai ga mutuwa.

Hanyoyin bincike

Aikin yana farawa da zama a wurin da za a yi amfani da kayan, ana kallon ma'aikata suna aiki, domin abin da mutum ya ce yana yi sau da yawa ya sha bamban da abin da hannunsa ke yi. Daga nan a warware aikin mataki-mataki, a gano matakan da kuskure a cikinsu zai cutar da majinyaci. Sai a yi samfuri, ko da na takarda ne, a ba masu amfani su gwada suna faɗin abin da ke ransu, mai bincike ya yi shiru bai taimaka ba. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kan bayyana kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin manhaja, amma wannan bai wadatar ba ga na'urar da rai ya rataya a kanta. Jagorar da FDA ta fitar a 2016 ta nemi aƙalla mutum 15 daga kowane rukunin masu amfani a gwajin ƙarshe, wato likitoci daban, masu jinya a gida daban. Ƙa'idar duniya a kan wannan ita ce IEC 62366, wadda ta fito a 2007 aka sabunta ta a 2015.

Gyara yana da daraja hawa uku. Mafi ƙarfi shi ne a ƙera abin ta yadda kuskuren ba zai yiwu ba, kamar sirinjin rigakafi da ke kulle kansa bayan allura ɗaya. Na biyu shi ne kariya da gargaɗi. Mafi rauni shi ne horo da rubutun umarni, duk da cewa shi ne abin da hukumomi suka fi saurin kamawa bayan an yi ɓarna.

A Kano

Kusan duk na'urorin da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da ƙananan asibitocin unguwanni an ƙera su ne a wasu ƙasashe, an gwada su a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. A Kano zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙurar hunturu na toshe matatar iska, ma'aikaciya ɗaya kan kula da gadaje da yawa, kuma dangin majinyaci ne ke kwana a gefensa suna duba ko ruwa ya ƙare. Ɗan uwa mai jinya shi ma mai amfani da na'ura ne, ko da maƙerinta bai san da shi ba.

Launin fata ma yana cikin lissafi. Na'urar da ake maƙala wa yatsa don awon oksijin a jini tana aiki da haske ne. Nazarin da aka yi a Jami'ar Michigan aka wallafa a Disambar 2020 ya gano cewa a lokutan da ta nuna kashi 92 zuwa 96, ainihin oksijin ya yi ƙasa da 88 a kashi 11.7 na awon baƙaƙen fata, alhali na fararen fata kashi 3.6 ne. Ga likitan da duk majinyatansa baƙaƙe ne, lambar da ke allo ba ta isa hujja ita kaɗai ba.

Wasu daga cikin ƙirar da ta fi nasara a jihar ba su da allo ko batir. Tun 1996 kwalbar ɗigon rigakafin shan inna ke ɗauke da alamar murabba'i a cikin da'ira, murabba'in na yin duhu gwargwadon zafin da kwalbar ta sha. Muddin ya fi da'irar haske, maganin na da kyau. Da zarar launinsu ya zo ɗaya, an daina amfani da shi. Mata masu bin gida-gida sun yi aiki da wannan alama a duk zagayen rigakafin da ya kai Kano ga ganin bayan ƙwayar cutar shan inna ta asali, wadda aka ga ta ƙarshe a jihar a Sumaila a Yulin 2014. Haka igiyar awon damtsen yaro don gano tamowa: ja ƙasa da santimita 11.5, rawaya zuwa 12.5, kore sama da haka, kuma uwar da ba ta yi boko ba tana iya karanta ta. Tsarin da NAFDAC ta fara a 2010, inda mai sayen magani ke kankare jikin kwali ya tura lamba ta tes don tabbatar da ingancinsa, an gina shi ne a kan ƙaramar waya mai madannai wadda ba ta bukatar intanet.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne ma'auni da harshe. Na'urorin awon suga da ake sayarwa a kemis suna zuwa da ma'auni biyu, kuma 7 a ɗaya daidai take da 126 a ɗayan, don haka mai ciwon suga da ya sauya na'ura bai sani ba zai iya firgita ko ya saki jiki a inda bai dace ba. "Cokali ɗaya" a takardar likita mililita 5 ne, amma cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, shi ya sa ake haɗa maganin yara da ɗan kofin awo. "Sau uku a rana" ana nufin bayan kowace awa takwas, majinyaci kuwa yakan auna yininsa da lokutan salla da na abinci, kuma a watan azumi lissafin gaba ɗaya yana sauyawa.

Manhajojin lafiya na waya suna da nasu ƙalubalen. Fassara maɓallan Ingilishi zuwa Hausa kalma da kalma ba ta wadatar ba, domin akwai manya da yawa a birni da ke karanta ajami ba sa karanta boko, wasu kuma saƙon murya kawai suke turawa a WhatsApp. Akwai manhajojin da har yanzu ke mai da haruffan ƙ da ɗ da ɓ akwatuna marasa ma'ana. Sannan waya ɗaya kan zama ta gida duka, ta yadda saƙon tunatar da mace ranar awo ko sakamakon gwajin jini zai iya faɗawa hannun miji ko ɗa ko mai cajin waya a bakin titi. Saboda haka masu binciken da suka san gari sukan tambayi mace wa ke riƙe wayar da rana kafin su yanke abin da za a rubuta a saƙon, kuma gwajin manhajar mata masu juna biyu yakan fi ba da sakamako na gaskiya idan mace ce ta gudanar da shi a cikin gida, da Hausa, bayan an nemi izinin maigida.