Ƙa'idojin shirya fim ɗin barkwanci ga ɗalibai

Fim ɗin barkwanci shi ne wanda ake shiryawa domin a ba mai kallo dariya. Ɗaliban makarantun koyon fim kan zaɓe shi saboda ba ya cin kuɗi: ɗaki ɗaya, 'yan wasa biyu da kyamara sun isa. Sai dai ba ya rufa wa mai shi asiri. In aka haska shi zaure ya yi tsit, magana ta ƙare.

Ginshiƙinsa ya bayyana tun 1895, a wani fim na Louis Lumière a Faransa wanda bai kai minti ɗaya ba. Mai lambu yana ban ruwa, yaro ya lallaɓo ya taka tiyo, ruwa ya ɗauke. Mutumin ya leƙa bakin tiyon, yaron ya ɗaga ƙafa. Abin da ya sa ake dariya shi ne mai kallo ya ga ƙafar yaron tun kafin mai lambun ya sani. A share fage, a bar mai kallo ya jira, sannan abin ya auku.

Shi ya sa ake ja da kyamara baya a ɗauki mutum tun daga kai har ƙafa, da haske wadatacce marar inuwa mai nauyi. A fim ɗin Steamboat Bill, Jr. na 1928, bangon gaban gida ya faɗo kan ɗan wasan barkwanci Buster Keaton, ya tsira ta buɗaɗɗiyar taga, kuma ba a yanka hoton ba, wato an nuna abin a jere ba tare da an katse ba. Da an yanka, da ba wanda zai yarda. Ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe, suna matso da kyamara kan fuska har abin dariyar ya fice daga hoto.

Wajen tacewa kuwa, wato yankawa da haɗa hotunan da aka ɗauka, daƙiƙa ɗaya hotuna 24 ce, kuma rage kaɗan daga ciki na iya raya zance ko kashe shi. Sau da yawa dariyar tana fuskar wanda aka gaya wa maganar, ba ta bakin mai faɗa ba. Akwai kuma dabarar sau uku: biyu na farko su saba wa mai kallo, na uku ya karya tsammaninsa.

Ɗan wasa ba ya nuna ya san yana ba da dariya. Matsalarsa gaske ce a wurinsa. Finafinan camama na Kannywood, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro (ya rasu 2014) ya yi fice a kai, sun fi dogara da zance da wasa irin na taubasai. Mai bin wannan hanya dole ya kula da makirfo, domin kalma ɗaya in ta ɓace, shi ke nan.

Kafin a miƙa fim, akan nuna wa mutanen da ba su karanta labarin ba, a rubuta inda suka dara da inda suka yi shiru, sannan a koma teburin tacewa.