Tsarin kafireta a motocin Amurka masu ƙwanji

Kafireta ita ce na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga silindar inji. A zamanin motocin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji, wanda akasari ake ƙirgawa daga wajen 1964 zuwa farkon shekarun 1970, kamfanoni sun bi hanyoyi uku wajen ciyar da manyan injinansu masu silinda takwas: kafireta ɗaya mai maƙogwaro huɗu (maƙogwaro shi ne kafar da iska ke bi ta gaurayu da fetur), ko guda uku masu maƙogwaro bibbiyu, ko kuma guda biyu masu maƙogwaro hurhuɗu.

Tsarin guda uku shi ya fi barin suna. A Pontiac GTO ta 1964, injin 389 (lambar tana nuna girman injin ne) yana ba da ƙarfin doki 325 da kafireta ɗaya, amma da tsarin Tri-Power mai kafiretocin Rochester uku sai ya kai 348. Hikimar abin ita ce, a tafiyar yau da kullum ta tsakiya ce kaɗai ke aiki, sauran biyun suna rufe, sai direba ya danne totur sannan su buɗe, injin ya zuƙi iska da wata irin kuwwa da masu motar ba sa mancewa. Kamfanin General Motors, mamallakin Pontiac, ya hana wannan tsari a yawancin motocinsa daga 1967, ya bar shi a Corvette. Chrysler kuwa ya ɗauko shi a 1969 da injin 440 Six Pack mai kafiretocin Holley uku, wanda aka rubuta masa doki 390, alhali mai kafireta ɗaya yana da 375. Ribar doki 15 ke nan, kuma a bakinta sai mai mota ya jure wahalar saita kafireta uku su yi numfashi tare, aikin da ba kowane bakanike ke iyawa ba.

Tsarin guda biyu an fi saninsa da injin Chrysler 426 Hemi na 1966 zuwa 1971, mai kafiretocin Carter AFB da doki 425. Ana taƙaddama kan wannan adadi, domin wasu na ganin an rage shi da gangan.

Kafireta ɗaya ta cancanci yabo fiye da wanda ake yi mata. Rochester Quadrajet, wadda ta fito a 1965, tana da ƙananan maƙogwaro biyu na gaba don tsimin mai, da wasu manya biyu na baya waɗanda ke buɗewa gwargwadon buƙatar inji. Motar Chevrolet Chevelle SS 454 LS6 ta 1970 kuma ta kai doki 450 da Holley guda ɗaya tak, wato ta zarce Hemi a rubuce.

Dokar tsabtace iska ta 1970 da tsadar inshora sun durƙusar da tsarin kafireta da yawa, kuma daga 1972 aka sauya yadda ake auna ƙarfin doki, don haka alƙaluman kafin shekarar da na bayanta ba sa kwatantuwa kai tsaye.