Na fara allurar insulin, sugana na sauka: amsoshin da nake ta maimaitawa

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan cikin Katsina, kusan kullum tambayoyin nan masu ciwon suga da ke allurar insulin ke min, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Nawa ne ake cewa suga ya sauka?
Ƙasa da 70 a na'urarka ta gwajin suga. In taka mai ƙananan lambobi ce, ƙasa da 3.9. In ya kai ƙasa da 54 abin ya yi tsanani.

Ya zan gane?
Rawar hannu, zufa mai sanyi, yunwa farat ɗaya, zuciya na dukan uku-uku, jiri, saurin fushi. In da dare ne za ka tashi ka tarar riga ta jiƙe, kai na sara. Masu shan atenolol don hawan jini su kula, yana iya ɓoye bugun zuciyar da rawar.

Me zan sha?
Suga cokalin cin abinci ɗaya a ruwa, ko zuma cokali ɗaya, ko rabin ƙaramar kwalbar Coke, ba mai zero ba. Jira minti 15 ka sake gwadawa, in bai kai 70 ba ka ƙara. In ya hau sai ka ci abinci na gaske, ko burodi ne. Fura da nono da cakulat ba sa saurin shiga jini, a bar su zuwa bayan nan.

Ba suga aka hana ni ba?
A wannan lokacin shi ne maganinka. Sha.

Baba ya faɗi yana sambatu, ba iska ba ne?
Haba jama'a. Mutum yana kan insulin, ya yi allura bai karya ba, ya rikice, sai a tsaya neman hayaƙi ana ɗura masa rubutu? Wanda baya cikin hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki, shaƙewa zai yi. Ku kwantar da shi ta gefe, ku samu Keke NAPEP ku kawo shi asibiti mafi kusa a sa masa gulukos ta jijiya, addu'a kuma a yi ta a hanya.

Zan iya azumi?
To nan ne ba ni da amsa guda, don mai allura sau ɗaya da dare ba ɗaya yake da mai yi sau huɗu ba, kuma mai zaman shago a inuwa ba kamar mai dako a kasuwa cikin ranar Afrilu ba ne. In ka fara allurar kwanan nan jikinka bai gama nuna maka halinsa ba, ko suga ya taɓa kayar da kai cikin wata 3 da suka wuce, ko kana da ciwon ƙoda, ko ke mai juna biyu ce, shawarata a bari bana, kuma Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, sai ka tambayi malaminka batun ramuwa ko ciyarwa. In kuwa ka dage, ka je wa likita mako 6 zuwa 8 kafin watan ya kama, shi zai gyara yawan allurar da lokacinta, don Allah kar ka rage ko ka ƙara da kanka don maƙwabcinka haka ya yi. A jinkirta sahur, a riƙa gwaji da rana musamman bayan la'asar, don nan ne ya fi sauka, kuma mafi yawan malamai sun ce tsira yatsa baya karya azumi. In ka ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ka karya azumin nan take ko saura minti goma a kira magariba, na san da ciwo amma haka za a yi.

Ina tsoro, in daina allurar?
A'a Hajiya, kar ki daina. Kusan duk mai insulin yana gamuwa da wannan, ba laifinki ba ne. Rubuta ranar da lokacin da abin da kika ci, ki kawo mana a duba ko allurar ce ta yi yawa.

Ni direba ne, ina jigilar Daura.
Gwada kafin ka tada mota, in ƙasa da 90 ne ci wani abu tukuna. Ka ajiye alewa a aljihunka, ba a but ba, in ka ji rawar hannu a hanya ka faka.