Gangarar jirgi da VNAV: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tun da samarin Damagaram suka fara koyon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, ban huta ba. A fada wurin shayi tambaya, a waya tambaya, kuma duk abu guda ne. Ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake tambayata, wannan zan tura masa.

Mene ne VNAV?

Tsarin da kwamfutar jirgi ke lissafa hawa da gangara, sannan ta bi lissafin da kanta. Boeing ke kiransa haka, Airbus na da irinsa da wani suna.

Na kai wurin fara gangara, jirgi ya ƙi saukowa. Ya lalace ne?

Lafiyarsa lau, kai ne ba ka ba shi izini ba. Akwai ƴar tagar da ake sa lambar tsayi a gabanka, kuma jirgi ba ya sauka ƙasa da abin da ke cikinta. Rage lambar. Sau nawa zan faɗa? A jirgin gaske ma sai mai kula da sararin samaniya ya ba ka sabon tsayi kafin ka taɓa ta.

Ta yaya kwamfuta ke sanin inda za ta fara?

Daga ƙarshe take lissafi: ta fara daga titin sauka, ta yo baya har zuwa tsayin da kake, da zaton injuna za su huta a mafi ƙarancin ƙarfinsu. Kai ma ka iya. Kowace ƙafa 1,000 tana cin mil uku na ruwa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne. Daga ƙafa 35,000 zuwa filin jirgin Zinder, mai tsayin wajen ƙafa 1,500, mil 100 ke nan, ka ƙara kamar 10 na rage gudu. Kilomita 200 da ƴan kai. Wanda ya taso daga Yamai, tun wajejen Maraɗi zai fara gangara.

Jirgi ya yi sama da layin gangarar da kwamfuta ta lissafa, gudu kuma sai ƙaruwa yake. Me zan yi?

Yauwa, wannan ita ce tambaya, kuma amsarta ba guda ba ce. Fara da duba abin da ke rubuce a saman allon gabanka. In VNAV PATH ne, jirgi layin yake riƙe da shi, gudu kuwa yana iya wuce abin da aka tsara. In VNAV SPD ne, gudun yake riƙe, layin ya sake shi. Mafi yawanku ba ku ma lura da lokacin da ɗaya ya koma ɗayan, abin da ya fi damuna ke nan.

Sannan ka nemi dalili. Sau da yawa iska ce. Kwamfuta da iskar da ka shigar mata take aiki, in ba ka shigar ba sai ta yi ƙiyasi. A lokacin ɗari, mai nufo mu daga yamma yakan samu iska tana tura shi ta baya a can sama, ya sauko ƙasa kuma ya tarar da hunturu ta gabansa. Wani lokaci kuma mai kula da sama ne ya riƙe ka har ka wuce wurin farawa, ko ya yanke maka hanya, nisa ya ragu alhali tsayi na nan.

Maganin ya danganta da inda kake. In kana can sama kuma ratar kaɗan ce, ƙara gudu kan wadatar, muddin ba a ƙayyade maka shi ba. Ƙasa da ƙafa 10,000 kuwa wannan dabarar ta ƙare a galibin wurare, don iyakar gudu mil 250 ne a awa. Nan sai birkin iska na saman fikafikai, kuma ba abin kunya ba ne, don haka aka yi shi. Amma shi ma ƙarfinsa na raguwa in gudu ya ragu. Jirgi ba ya son rage gudu da gangara a lokaci guda, kamar babbar mota ce da kaya a kan gangare. In duk an yi bai isa ba, nemi a ƙara maka hanya. In ka kusa titi kana sama ko da gudu, tashi ka sake zagayowa. Kada ka tilasta, ƙanena.

Jirgi mai nauyi ai ya fi saurin saukowa?

A'a. A gudun gangara iri ɗaya, mai nauyi ya fi nisan sulalewa, don haka shi ke fara gangara da wuri.

To in kwamfuta na yin komai, ina amfanin wannan wahalar?

A watan Yulin 2013 wani Boeing 777 na kamfanin Asiana ya bugi katangar bakin teku da ke gaban titin sauka a San Faransisko ta Amurka, mutum uku suka rasu. Matuƙan sun zaɓi wani tsarin gangara, suka ɗauka na'ura na riƙe musu gudu, alhali ba ta riƙe. Ba VNAV ba ne ranar, amma cutar guda ce: rashin karanta abin da allo ya ce jirgi na yi. Kada wannan ya tsorata ku. Ku dinga lissafin mil ukun nan da ka a kowace ƙafa 5,000, za ku ga matsala tun tana nesa.

Na bi layi daidai amma na iso ƙasa-ƙasa.

Ka manta da ma'aunin tsayi a kan 1013, lambar nauyin iskar da kowane jirgi ke sawa a can sama. In an sauko, sai a sa nauyin iskar filin da za a sauka. Kuskuren maki 10 kusan ƙafa 300 ne.