Albashinka Dala Nawa Ne? Amsoshi Kan Ƙarfin Naira Da Tsadar Kaya

Tun da Naira ta faɗi a 2023 tambayoyi iri ɗaya ke ta dawo min, a WhatsApp, a wajen ɗaurin aure, har a ƙofar masallaci. Ga amsoshin wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

An ce mafi ƙarancin albashi a Najeriya bai kai dala 50 ba. Gaskiya ne?

A canjin Naira 1,500 kan dala ɗaya, gaskiya ne. Naira 70,000 aka amince da ita a Yulin 2024, in ka raba da canjin 1,500 za ka samu wajen dala 47. Amma rabin lissafi aka yi maka. Mai albashin nan ba a New York yake cefane ba. Can dala 47 da ƙyar ta yi maka aski biyu, a Kano kuwa Naira 70,000 ta ishe ka askin shekara har da canji. Ban ce albashin ya isa ba, bai isa ba. Cewa na yi canjin kasuwa ba ya gaya maka abin da kuɗin ke iya saye a gida.

To mene ne wannan PPP da kuke ta ambato?

Ma'aunin ƙarfin sayayya ne. A tara kaya iri ɗaya, abinci, haya, sutura, sufuri, magani, a ga nawa za su ci a Najeriya da Naira, nawa a Amurka da dala, a raba. Shi ke nan. Bankin Duniya ke jagorantar aikin tattara farashin, shiri ne da aka faro tun 1968, akwai kuma zagayen da aka yi da farashin 2021, aka fitar da sakamako a 2024.

Me ya hana 'yan canji su sayar min da dala a wannan farashin?

Je Wapa ka tambaye su, ka dawo ka ba ni labari. PPP lissafin kwatanta ƙasashe ne, babu mai sayar da ko sisi a kansa.

Me ya sa aski ke da araha amma waya tsadarta ɗaya da ta Dubai?

Saboda waya tana shiga jirgi, aski ba ya shiga. Duk abin da za a iya ɗauka a ƙetare iyaka da shi, waya, taki, magani, kayan gyaran mota, farashinsa dala yake bi, don in ya yi araha a nan wani zai kwashe ya kai inda ya fi tsada. Ɗinkin tela, kuɗin adaidaita sahu, ladan birkila, hayar ɗaki, waɗannan albashin mutanen gari suke bi, albashin kuma ƙasa yake. Shi ya sa kusan duk ƙasa mai tasowa take zama mai araha in aka auna da dala. Masana biyu, Balassa da Samuelson, sun yi bayanin wannan tun 1964.

Ashe ke nan Najeriya ƙasa ce mai araha?

Araha ga wa? Wannan maganar ce ke ba ni haushi, musamman daga bakin wanda ya zo hutu daga Landan da fam a aljihu. A wurinsa komai banza ne. Malamin firamare da ke karɓar Naira, wanda litar mai ta tashi masa daga ƙasa da 200 kafin 29 ga Mayun 2023 zuwa sama da 1,000 a ƙarshen 2024, kar ka kuskura ka ce masa yana zaune a ƙasa mai araha. Farashi na ƙasa da na Turai, amma samun mutane ya fi farashin yin ƙasa.

An yi min tayin aiki a Saudiyya, riyal 2,000 a wata. Nan ina samun Naira 250,000. In tafi?

Wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ce maka tafi ko kar ka tafi ba.

Na san lissafin da ka riga ka yi. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kowace dala ɗaya, don haka riyal 2,000 ya kai wajen dala 530, a canjin 1,500 kusan Naira 800,000. Ka ga ninki uku, hankalinka ya tashi. Dakata tukuna, ɗan'uwa. Albashin nan kashi biyu zai rabu, kuma kowane kashi da ma'auninsa. Abin da za ka ci, ka sha, ka biya haya da shi a can, da farashin can za a auna shi, canjin Wapa bai shafe shi ba. Abin da ya rage ka turo gida, shi ne kaɗai zai ci ribar canji. Saboda haka tambayar farko ita ce wa zai ba ka masauki da abinci. In kamfani ne, kuma a rubuce yake cikin takardar yarjejeniya, wataƙila ka iya turo fiye da rabi, a nan tafiyar na iya yin ma'ana. In kai za ka kama ɗaki a Jidda ko Riyad, abin da zai rage maka na iya komawa daidai da abin da ka baro, ko ƙasa da shi.

Sai kuma ka duba abin da iyali za su yi da kuɗin. In cefane ne da kuɗin makaranta da ladan magina, riyal zai yi musu aiki sosai. In mota kake so ko injin da ake shigowa da shi, ribar ta ragu, don kayan nan dama da dala aka yi musu kuɗi. Ka cire bashin ejan da kuɗin jirgi, ka tambaya wa ke biyan kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama, ka tambaya ko kana da damar sauya wurin aiki in abin bai yi ba. Ka kuma tuna Naira 250,000 a Gusau ba ɗaya take da 250,000 a Abuja ba, alƙaluman PPP kuwa matsakaicin ƙasa baki ɗaya ne, ba su san unguwarku ba. Canjin ma ba a tsaye yake ba: in Naira ta farfaɗo ribarka ta ragu, in ta ƙara faɗi ta ƙaru, amma kayan gida su ma su bi ta. Ka sake lissafin da canjin 1,200 da na 1,800, in duka biyun sun fitar da kai, to ka yi istihara ka yanke shawara. Kar ka ji kunya in lissafi ya ce ka zauna.

Me ya sa 'yan Nijar ke kwashe mana hatsi?

Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 kowane Yuro ɗaya. Da Naira ta faɗi, mai sefa daga Maraɗi ya tarar buhun masara a Dawanau ya yi masa sauƙi. Da kai ne ma saye za ka yi. Hatsi na hawa mota, don haka farashinsa a nan sai ya tashi ya kusanci na ƙetaren iyaka. Haka fetur ya riƙa tsallakawa lokacin tallafi.

Bankin Duniya ya ce layin talauci dala 3 ne a rana. Wato duk wanda bai samun Naira 4,500 matalauci ne?

A'a. Dalar PPP ake nufi, ba ta kasuwa ba, kuma in aka juya ta zuwa Naira ta yi ƙasa da 4,500 nesa ba kusa ba. A Yunin 2025 aka ɗaga layin daga 2.15 zuwa 3. Ku daina ninkawa da canjin ranar kuna yaɗawa a Facebook.

Tunda Naira ta fi ƙarfi a gida, wata rana canji zai sauko ya daidaita da PPP ko?

Kar ka zauna jiran wannan. Giɓin ba ya rufewa gaba ɗaya muddin albashinmu na ƙasa. Ɗan abin da yake rufewa kuma, sau da yawa ta hanyar tashin kaya yake rufewa, dala na nan inda take. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki canji daga wajen 460, a farkon 2024 ya haura 1,400, sai kaya suka biyo baya har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mai aski ma ya ƙara kuɗi.